Buhun Albasar da Munka Kai Gaban 'Yan Majalisa

Tun ranar da na dawo daga Jega bakina bai huta ba. A rijiya a tare ni, a gidan suna a tare ni, har mai kawo mani itace sai da ya aje kayansa ya ce, "Inna Tumba, wai da gaske kin yi magana cikin lasifika?" Na gaji da maimaitawa, kuma labarin ya fara yin reshe. Jiya na ji ana cewa wai na jefi wani babban mutum da albasa. Ban jefi kowa ba. Shi ya sa na zaunar da Saratu, ɗiyar ƙanena, wadda ke koyarwa a Jega, na ce ta ɗauko alƙalami. Ni ban yi boko ba. Abin da idona ya gani zan faɗa ta rubuta, in ta ƙara gishiri ita da Allah.

Shekara uku da sunka wuce, gab da zaɓe, manya sunka zo Gumbin Kure sunka ce za a gina muna rumbun albasa na zamani, mai shan iska, inda albasa za ta wuce damina ba ta ruɓe ba. Sunka ce kuma za a yi doka a majalisa wadda za ta faɗi mai riƙon rumbunan, da wanda za a tuhuma in abu ya ɓaci, har da kujerar manoma a ciki. Mu dai a rudu muke ajiya, rumfar kara da ciyawa. Ka zuba albasarka da rani, in ruwa ya ɗauke ka kwashi abin da Allah ya bar maka, sauran ka kai juji. Anka ce ana son fili a bakin hanya. Cikin maza ba wanda ya miƙa nasa. Ni na ce a ɗauki gonar marigayi maigidana.

Anka haƙa, anka zuba harsashi, anka kafa allo mai hoto. Daga nan ba mu sake ganin ƙeyar kowa ba. Doka kuwa, kullum rediyo na cewa tana hannun kwamiti. Jikata da anka haifa a makon da anka yi alkawarin yanzu ita ke kora mani kaji.

Garba, ɗana na fari, ya same ni bayan kaka. Ya ce, "Inna, damina uku gonar Baba ba gero ba rumbu. Ruwan farko mai zuwa, in ban ga alamar gini ba, zan fasa simintin ga in sa garma." Na ce na yarda, kuma a gaban ƙannensa na faɗa. Amma abin ya tsaya mani a rai. Tun da nake ban taɓa ba da abu na karɓe ba, kuma matan garinmu saboda ni sunka yarda da maganar tun farko.

Ana nan sai Saratu ta kira ni a waya. Ta ce 'yan majalisa masu duba kasafin kuɗi za su zauna a Jega su ji ta bakin jama'a kafin su sa hannu. Ta ce, "Gwaggo, na ga takardar. An rubuta rumbunku an gama shi, saura fenti da shinge. In ta wuce a haka, ba wanda zai sake ware kuɗin gini, don ba a gina abin da aka riga aka gina." Na ce fentin mi, ga tumfafiya ta fi ni tsawo a tsakiyar wurin? Ta ce in zo, in zo da shaida.

Da sassafe na hau kabu-kabu zuwa Maiyama. Mai babur ɗin magidanci ne da furfura a gemu, amma gudu yake kamar an biyo shi. Na ce ya rage, ya ce iska ta hana shi ji. Na kama fatar haƙarƙarinsa na murɗe. Nan take kunnensa ya buɗe, munka isa lafiya.

A tashar Maiyama ɗan kamasho na ta ihu, "Saura mutum ɗaya!" Na shiga na zauna ina kallo. Maza uku da ke gaba ba su da kaya, ba su da ƙurar hanya a ƙafa, ɗayansu ma goro yake ci yana gaisawa da kowa. Duk fasinjan da ya shigo sai ɗaya ya tuna da wani uzuri ya fita. Na ce wa ɗan kamashon, "Kai, mutum ɗayan nan naka ya haifi biyar ina zaune." Ya ce, "Inna, sana'a ce." Sai da rana ta ɗaga munka tashi.

Ban sauka a Jega ba, na zarce Aliero don in ɗauko Hajiya Luba. Luba ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, kuma ita ce shugabar mata masu sayar da albasa a unguwarsu. Su ma an yi masu irin alkawarin da anka yi muna. Tana hango ni ta ce, "Ga 'yar ƙauye an shigo birni, a ɓoye tukwane!"

Na ce, "Wane birni? Garin da ko liman in ya ɗaga hannu albasa kake ji?"

"Warin ga shi ya kai ni Makka, ke mi naki ya kai ki?"

Ta dama mani fura mai sanyi na sha. Aliero ta canza mani. 'Yan matan jami'a na wucewa biyu-biyu da jaka a baya, suna magana su kaɗai da wani abu toshe a kunne. Ɗaya dai ta rusuna ta gaishe ni, na sa mata albarka. Munka je rudun Luba munka cika buhu da ragowar ƙasa, wadda ta kwana damina: mai ruwa, mai baƙin ƙura, mai tsiro, da wadda ake ganin kamar lafiyarta lau. Luba na zubawa tana kau da kai. Ta ce, "Wallahi Tumba, ko akuya ban ba wagga." Na ce ai ba ci za su yi ba, gani za su yi.

Direban da zai kai mu Jega ya shinshina buhun ya ce sai dai a ɗaure shi a saman mota. Rana ta buga shi, ruwan ya riƙa ɗiga ta gefen taga a kan hannun rigar wani mai babbar riga. Ya yi ta tsaki har Jega. Na ce masa ya yi haƙuri, abin da muke shaƙa ke nan duk shekara, shi na rabin sa'a ya samu.

Munka iso ƙofar zauren taron gab da azahar, ina gudun kada a ce an tashi. Sai munka tarar da ƙofa a rufe, mai gadi na jin rediyo a gindin dalbejiya. Ya ce an ɗaga sai gobe, manya ba su iso ba. Luba ta ce mu koma gida, ta san irin wannan goben. Na ce ƙafata ƙafar Jega har sai na ga fuskar wanda ya rubuta fenti.

Gidan Saratu munka sauka. Gidan haya ne, ɗaki bakwai, kowa da murhunsa da kwaɗonsa. Na tambaye ta sunan maƙwabciyarta ta dama, ta ce Maman wane ake ce mata, sunan yanka ba ta sani ba, shekara biyu suna tare. Ban-ɗaki kuma a cikin ɗakin kwana yake. Na ce a wurinmu abin da ake kai wa bayan gida ba a jawo shi kusa da tabarmar salla. Amma ruwa na zuwa da kansa in ka murɗa, wannan kam ban ƙi ba. Ta yi muna tuwon shinkafa da miyar kuka da busasshen kifi, ya yi daɗi, sai dai ta cika magi. Buhun munka jingine a tsakar gida, kafin la'asar masu haya biyu sun zo sun yi ƙorafi.

Da gari ya waye na bi Saratu duba wata 'yar'uwarmu da ke jinya a bayan kasuwa. Da munka dawo na tarar Luba ta yi wanka ta sha lalle da turare, buhun kuma ya koma sabo fil, an ɗinke bakinsa. Na ce mi ya faru? Ta ce tsohon ya yage ne ta sauya. Na ji warin ya ragu, na ga kamar ya rage tsawo. A nan na yi kuskuren da har yau nake jin haushinsa. Shekara arba'in ban taɓa sayen buhu ban zazzage shi ƙasa ba, amma ranar nan saboda sauri na bar shi a ɗinke.

Shiga zauren nan ya fi tsallaka iyakar ƙasa wuya. Ƙofar farko a rubuta sunanka, ni na dangwala yatsa. Ƙofa ta biyu wata mata mai kaki ta yi ta shafa mani wani sanda mai kuka. Ya yi ƙara a ƙuguna, ta ciro 'yar wuƙata ta yankan albasa ta ce sai na fito. Na ce ta riƙe da kyau, wuƙar ta girme ta. Buhu kuma sunka ce ba a shiga da kaya. Saratu ta yi ta Turanci da su, daga ƙarshe wani mai ɗaukar takardu ya ce a bari, shaida ce.

Ciki sanyi kamar randa. Manya bakwai a kan dogon tebur, na tsakiya shi ne shugaban kwamitin, da 'yar guduma ta katako a gabansa. Al'adarsu ta ba ni mamaki. Duk wanda ya tashi sai ya gaida kowane mai girma da sunansa da muƙaminsa, ya gaida wanda ya zo da wanda ya aiko wakili, sannan a ce lokacinsa ya ƙare. Mu ma muna gaisuwa, amma muna gamawa mu faɗi abin da ya kawo mu. Kuma suna tafa wa mutum tun bai yi komi ba.

Wani darakta daga ma'aikatar da ke da aikin ya tashi da takardu ya yi ta karatu. Saratu na raɗa mani fassara. Da ya zo kanmu ta matse mani hannu: rumbun Gumbin Kure an kammala, ana neman na fenti da shinge. Na dubi manyan nan bakwai. Biyu na latsa waya, ɗaya na gyangyaɗi. Amma shugaban na bin takardar da alƙalami, wata 'yar majalisa mai tabarau a gefensa ita ma tana rubutu. Na ce a raina, to, akwai masu rai.

Sai bayan azahar anka ce mata manoma. Luba ce ya kamata ta tashi, amma kunya ta hana ta. Na tashi. Anka miƙo mani lasifika anka ce minti uku.

Na ce, "Ranku ya daɗe, sunana Tumba, daga Gumbin Kure. Gonar da anka ce an gina rumbu a kai tawa ce. Babu rumbu. Ga abin da rashinsa ke yi muna, wagga daga ajiya ta fito." Na sa haƙori na tsinke zaren buhun na kifar da shi.

Albasa ta gangaro a kan siminti, ja jawur, manya-manya, tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Ko ɗaya babu ruɓaɓɓiya a ido.

Dariya ta ɓarke a zauren. Shugaban ya leƙo ya ce, "Inna, ai wannan ko gidan biki aka kai ta an fita kunya." Daraktan nan ya miƙe yana murmushi ya ce, "Mai girma shugaba, ka ga amfanin aikin da muke yi. Da bakinta ta ce daga ajiya ta fito." Anka tafa masa.

Na juya na dubi Luba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce a hankali, "Tumba, ƙaƙa za a kai ruɓaɓɓe gaban manya? Da sunan Aliero? Tsincewa na yi, na goge sauran."

Ban zage ta ba, don na san abin. Tun muna 'yan mata anka koya muna ba a fitar da mummunan kaya gaban baƙo, mai kyau ake ɗorawa a sama. Hannunta ne ya yi aikin da ya saba. Amma a lokacin gonar maigidana nake gani da garmar Garba a kanta.

Anka kaɗa ƙararrawa wai lokacina ya cika. Na yi kamar ban ji ba, na durƙusa. Luba da ido ta tsince, ni kuwa da yatsa nake saye. Albasar da ta kwana damina kusa da ruɓaɓɓiya, ko fatarta na ƙyalli, wuyanta ke tona ta. Na riƙa ɗauka ina latsa wuya ina ajewa. Ta huɗu ta lotsa. Na miƙe na je har gaban tebur, mai kaki ta taso, shugaban ya ɗaga mata hannu. Na ce, "Ranka ya daɗe, wagga lafiyarta ƙalau?"

Ya juya ta a hannu ya ce, "Ga alama."

Na karɓa na danna babban yatsa a wuyanta. Ta fashe, baƙin ruwa ya tsarto a kan farin ƙyallen teburin. Warin ya tashi, sanyin nan nasu ya kwashe shi ya raba wa kowa. Mai gyangyaɗi ya farka. Na koma na ɗauko ta biyu na fasa, na ɗauko ta uku. Luba da ta ga haka sai ta yar da kunya ta durƙusa tana miƙo mani, tana cewa, "Ga wata, ga wata 'yar banza!"

Na ce, "Ni ban iya karatu ba. Amma wanda ya sayi albasa da kallon fata, shi da asara. Takardar ga da anka karanta maku, a cikinku wa ya latsa ta? Wa ya je ya ga bangon da za a shafa wa fenti?"

Ba wanda ya tafa. 'Yar majalisar nan mai tabarau ta jawo lasifika ta ce, "Darakta, kai ka je wurin?" Ya ce akwai rahoton injiniya. Ta ce, "Ba rahoto na tambaya ba. Ƙafarka ta taka?" Ya shiga jujjuya takardu. Shugaban ya yi magana da na kusa da shi, sannan ya buga gudumarsa. Ya ce an jingine wannan layin na takardar kasafin, ba fenti ba shinge, sai kwamiti ya je ya gani da ido. In babu gini, za a mayar da shi layin gini, kuma wanda ya rubuta an gama zai zo ya yi bayani.

Na ce, "Saura doka, ranka ya daɗe. Da akwai ta, da mun san ƙofar da za mu buga tun bara, ba sai na kwana a Jega ba."

Shugaban ya aje alƙalami. Ya ce gaskiya ne ta daɗe, kuma laifin ba na wani waje ba ne, nasu ne. Ya ce in Allah ya so za a fito da ita.

Na ce, "Allah na so, ku muke jira. Faɗi rana."

Anka yi dariya, shi ma ya yi. Amma ya faɗi rana, ya sa magatakarda ya rubuta, Saratu ma ta rubuta a bayan hannunta.

Da anka tashi anka raba abinci a 'yan akwatunan roba, kowa da nasa, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana ci. Shinkafa ce rawaya da ɗanyen ganye da tsoka ɗaya. Na karɓi wuƙata a ƙofa. Ni da Luba munka nufi tasha. Da za ta shiga motar Aliero ta ce, "Ke dai ki gode mani. Da ruɓaɓɓiyar munka zube, da toshe hanci za su yi su ce a kwashe."

Na ce, "Shiga mota, kafin in latsa naki wuyan."

A gida Garba ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Sun ce za su zo. Wancan karon ma sun ce." Ban yi musu da shi ba.

Kwana tara bayan nan, da hantsi, motoci uku sunka tsaya a bakin gonar. Shugaban da mai tabarau da daraktan, da wasu ban san su ba. Gari ya fito. Shugaban ya tattare riga ya shiga cikin harsashin, ƙaya ta kama masa wando, awaki biyu sunka tashi daga inuwar tumfafiya. Ya tsaya a tsakiya ya ce, "Darakta, nuna mani inda za a fara fentin." Mai tabarau ta ɗauki hoto ta kowane gefe, ta tambayi matan gari ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar maza sun amsa masu ba. Kafin su tafi ta ce mani an mayar da layin na gini, sauran rumbunan da ke takardar ma duk za su bi su taka. Na ce mata na ji, ina kuma nan bakin hanya, idona biyu.

Ban ce an gina ba. Ban ce an yi doka ba, ranar da ya faɗa ba ta zo ba tukuna. Masu cewa Inna Tumba ta kawo rumbu su daina, bulo ɗaya ba a aza ba.

Washegarin zuwansu dai da na fito zan je rijiya, na hango mutum a cikin gonar yana sara. Na ce ko Garba ya fasa jiran ruwan farko. Na matsa. Shi ne, da gatari da fartanya, amma ba siminti yake fasawa ba. Tumfafiyar yake tumɓukewa, ya share ƙayar da ta rufe harsashin ya tara a gefe. Ya ɗago ya gan ni, ya ce, "In masu ginin sunka zo, kada su ce ba su ga wurin ba."

Na fasa zuwa rijiya. Na koma gida na dama fura, na zuba nono fiye da yadda na saba, na kai masa da kaina.